Dankalin Turawa: Daga Tsaunukan Andis Zuwa Bokitin Bayan Ɗaki

A bayan ɗakin da nake zaune, a nan kudancin ƙasar nan, akwai waɗansu tsofaffin bokitan fenti guda uku da buhun shinkafa ɗaya, waɗanda na hudhuda gindinsu, na zuba musu ƙasa da takin kaji, na binne dankalin turawa a ciki. Abin da ya kai ni ga haka ba ɓoyayye ba ne ga duk magidancin da ke zuwa cefane da kansa. Shukar ta fito, ta yi ganye shar, ta miƙe har maƙwabta suka fara yi mini barka. Bayan wata uku na kife bokitin farko, sai ga 'ya'ya biyar, babbansu bai fi goro ba. Wani ɗalibina, mutumin Bokkos, wanda ya buɗe ido a cikin wannan noma, ya duba ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ba laifin hannunka ba ne. Dankali ba ya son dare mai zafi." Wannan magana ita ta sa na koma na bi sawun shukar tun daga mafarinta, domin in san inda ta samo wannan hali. Abin da na tarar shi ne, duk wanda ya binne dankali a cikin bokiti ya gaji abu biyu daga tarihinsa, ko ya sani ko bai sani ba: son sanyin tsauni, da kuma raunin da ke tattare da yadda ake shuka shi.

Bari mu fara da sunan, domin a nan ne aka soma yi masa rashin adalci. Mu Hausawa mun jingina shi ga Turawa, saboda a hannunsu muka fara ganinsa. A kasuwannin Jos da Kano kuwa arish ake ce masa, wato an jingina shi ga mutanen ƙasar Ailan. Alhali kuwa babu Baturen da ya taɓa ganin dankali kafin ƙarni na 16. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hasali ma shi kansa dankali mai zaƙi, wanda muke kira dankalin Hausa, daga nahiyar Amurka ya zo, kuma ba dangin juna ba ne da na turawan, suna ne kawai ya haɗa su. Dangin dankalin turawa na jini su ne tumatir da barkono da gauta da zaƙami. Namu na gado, wanda kakanni suka noma, shi ne tumuku da rizga, kuma wani abin dariya, tumuku shi ne Turawa ke kira dankalin Hausa a cikin littattafansu.

Mahaifar dankali tana can Amurka ta Kudu, a kan tsaunukan Andis, a kewayen tafkin Titikaka da ke tsakanin ƙasashen Feru da Bolibiya na yau. Tafkin yana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 3,800 daga doron teku, wato ya ninka tudun Jos sau uku. A nan ne mutane suka hore shi daga shukar daji, shekaru dubu bakwai zuwa dubu goma da suka wuce. Wuri ne da rana ke ƙuna da tsaka, dare kuma ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa, inda masara ba ta yin kirki. Shukar da ke ɓoye abincinta a ƙarƙashin ƙasa ita ce ta dace da irin wannan wuri. Dankalin daji yana da ɗaci da guba, kuma har yau akwai mutanen yankin da ke dangwala masu ɗacin a cikin wani irin yumɓu kafin su ci, domin yumɓun yana kama gubar. Da zaɓe da haƙuri na ɗaruruwan zuriya aka fitar da mai daɗin ci.

Mutanen nan, waɗanda ke kiransa papa, sun gano dabarar adana shi da ba ta buƙatar komai sai yanayin ƙasarsu. Sukan shanya shi a fili ya kwana cikin sanyi ya daskare, da rana su tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, su bar shi ya bushe, a maimaita haka kwana da kwanaki har ya koma kamar tsakuwa. Wannan shi ake kira cunyo, kuma yana shekaru bai lalace ba. Daular Inka ta cika rumbunanta da shi, tana ciyar da mayaƙa da ma'aikata, tana kuma rabawa a shekarar fari. Amma dabarar da ta fi wannan, a ganina, ita ce yadda manomin Andis ba ya shuka iri ɗaya a gonarsa. Yakan cakuɗa fari da ja da baƙi da rawaya, dogo da kewayayye, mai jure sanyi da mai jure cuta, ta yadda duk abin da shekara ta zo da shi, wani zai tsira. Irin da ake da su a can sun haura dubu huɗu. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin shi ne abin da Turawa suka bari a baya sa'ad da suka ɗauki dankali.

A shekarar 1532 Faransisko Fizaro da mayaƙansa na ƙasar Sifen suka kama sarkin Inka, daular ta soma rugujewa. Zinariya da azurfa suka zo nema, ba su damu da abincin talakawa ba. Sai dai da aka gano dutsen azurfa na Fotosi a 1545, cunyo ne abincin da aka riƙa ciyar da dubban 'yan ƙasar da aka tilasta wa aikin haƙa, har waɗansu 'yan kasuwa suka yi arziki da sayar da shi.

Shigarsa Turai kuwa ba da ganga da algaita aka yi ta ba, a cikin gangar katako aka yi ta. Akwai takardar ciniki ta 1567 da ke nuna an aika da dankali a cikin ganguna, tare da lemo, daga tsibiran Kanari zuwa tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam ta yau. A 1573 kuma littafin cefanen wani asibiti a birnin Ishbiliya, wanda malamanmu suka sani a tarihin Andalus, ya nuna ana saye wa majinyata shi. A 1588 wani masanin tsirrai mai suna Clusius, da ke zaune a birnin Biyana, ya karɓi kyautar 'ya'yan dankali guda biyu tak, ya shuka, ya rarraba wa abokansa. Haka dankali ya yi shekaru masu yawa a arewacin Turai, yana zaune a lambunan masana da na attajirai a matsayin abin kallo, ana sha'awar furensa fiye da 'ya'yansa. Akwai dalili. Dankalin Andis ya saba da ƙasar da dare da rana ke kusan daidai, kamar tamu, kuma sai rana ta gajarta yake fara 'ya'ya. A Turai kuwa ranakun bazara dogaye ne, saboda haka sai ya yi ta ganye, ba ya soma 'ya'ya sai dab da hunturu, sanyi ya kashe shi. Wato ke nan abin da na gani a bokitina, ganye ba 'ya'ya, shi ne abin da Turawan farko suka gani, ko da yake dalilinsu daban, nawa daban. Sai da aka daɗe ana zaɓe kafin a sami irin da ya saba da dogayen ranaku.

Ban da wannan, jama'a sun yi masa mummunan zato. An ga kamanninsa da tsirrai masu guba, an ga ƙuraje-ƙurajen jikinsa, aka yi ta yaɗa cewa yana jawo kuturta. Yunwa da yaƙi ne suka sauya ra'ayi. Manoma sun lura cewa sojoji na iya kwashe hatsin rumbu ko su ƙone alkamar gona, amma ba su da lokacin tona abin da ke binne. A 1756 Sarki Firedarik na Furushiya ya ba da umurnin a noma shi a ƙasarsa. Wani Bafaranshe mai haɗa magunguna, Parmentier, wanda Furushiyawa suka kama a yaƙi suka ciyar da shi dankali a kurkuku, ya fito lafiya lau ya koma gida ya duƙufa wajen wanke sunansa, har likitocin birnin Faris suka tabbatar a 1772 cewa abinci ne. Ana ba da labarin cewa ya sa dakaru gadin gonarsa da rana, ya janye su da dare, domin mutane su ɗauka abu ne mai daraja su sata. Ko labarin ya tabbata ko an yi masa gishiri, ya nuna mutumin ya san halin ɗan'adam.

Babu inda dankali ya samu gindin zama kamar Ailan, kuma babu inda ya yi ɓarna kamar can. Yawancin ƙasar noma tana hannun manyan masu filaye, da yawansu suna zaune a Ingila, talakawa kuwa 'yan haya ne a ƙasar kakanninsu. Hatsi da dabbobi na biyan kuɗin haya ne, abin da ya rage wa iyali shi ne ɗan fegi, kuma babu amfanin gonar da zai ciyar da mutum shida ko bakwai daga ɗan fegi sai dankali. Da shi da madara suka rayu, suka hayayyafa, har ƙidayar 1841 ta nuna mutanen tsibirin sun haura miliyan takwas. Kimanin miliyan uku daga cikinsu ba su da wani abinci sai shi, kuma ƙaƙƙarfan lebura kan ci kusan kilo shida a yini. Abin da ya fi muni, yawancin matalautan iri ɗaya suke shukawa, mai yawan 'ya'ya, maras jure cuta.

A nan sai mu tsaya mu dubi yadda ake shuka dankali, domin a nan raunin yake. Manomin gero yana shuka ƙwaya, kuma kowace ƙwaya ta ɗan bambanta da 'yar'uwarta. Manomin dankali kuwa ɗan dankalin yake binnewa, wanda a haƙiƙa kara ne da ya kumbura, idanun jikinsa su ne ke tsira. Ashe gona guda ba 'yan'uwa ba ne, jiki ɗaya ne aka yayyanka aka baza. Cutar da ta iya kama ɗaya ta iya kama duka, kuma cutar da uwa ta ɗauka a bana tana cikin irin da za a binne baɗi.

A watan Satumba na 1845 cutar ta iso Ailan, bayan ta ɓulla a Amurka ta Arewa ta tsallako Beljiyam. Wata ƙwayar halitta ce mai kama da fumfuna, wadda iska ke ɗauka, mai son sanyi da danshi. Takan fara da ɗigon baƙi a ganye, cikin 'yan kwanaki gona ta ƙone kamar an zuba mata wuta, 'ya'yan da ke ƙasa su ruɓe su yi ɗoyi. A 1846 kusan babu abin da aka tsira da shi. Daga 1845 zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukan da ke biye da ita, fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi hijira. A cikin waɗannan shekaru jiragen ruwa ba su daina fita da hatsi da dabbobi daga tsibirin ba, abin da ya sa masana tarihi da yawa ba su yarda a ɗora wa cutar laifin duka ba, kuma ina tare da su. Har yau ɗin nan yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake a 1841 ba. Wannan shi ne abin da ke bayan sunan nan arish da 'yan kasuwarmu ke kira ba tare da wata damuwa ba.

Wannan masifa ta koya wa masana darajar abin da aka baro a Andis, wato yawan iri. Wani masanin ƙasar Rasha, Nikolai Vavilov, shi da abokan aikinsa sun yi ta yawon duniya a shekarun 1920 da 1930 suna tattara irin shuke-shuke, har da dankali daga Amurka ta Kudu, suka tara a cibiyarsu ta birnin Leningirad. Da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, mutane na faɗuwa matattu a titi saboda yunwa, ma'aikatan cibiyar suka kwashe dankalin nan a akwatuna suka kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Suka riƙa ƙona duk abin da suka samu don kada ya daskare, suna gadinsa daga ɓeraye da mayunwata, da bazara ta yi kuma suka sake binne shi, domin dankali ba ya jiran shekara biyu a ajiye kamar hatsi. Waɗansu ma'aikatan cibiyar sun mutu da yunwa alhali abinci na gabansu. Shi kuwa Vavilov, wanda gwamnatinsa ta kama tun 1940, ya mutu a kurkuku a 1943.

Zuwansa ƙasarmu yana haɗe da zuwan Turawan mishan da na haƙar kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanoni suka mamaye tudun Jos, kuma Turawan da suka zauna a can suka tarar da abin da ba su samu a Ikko ko Lakwaja ba, wato dare mai sanyi, a tudu mai tsawon kimanin mita 1,200. Kamar yadda ya faru a Turai, a lambun bayan gida dankali ya fara, abincin teburin Bature, kukunsa da mai lambunsa su ne 'yan ƙasar da suka fara sanin sirrinsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne gwamnatin mulkin mallaka ta matsa a kan a noma shi da yawa domin ciyar da sojoji, a daidai shekarun da ta tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin kuza, bayan Jafanawa sun ƙwace ma'adinan Malaya a 1942. Wanda ya tuna Fotosi ba zai rasa ganin kama ba.

Bayan yaƙi Turawa suka tafi, dankali ya zauna. Mutanen da abincinsu na gado acca ne da tamba da rizga suka rungume shi, ya zama abin da ke biyan kuɗin makaranta da na aure a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Fankshin. Ramukan da masu kuza suka bari, waɗanda ruwa ya cika suka zama kududdufai, yanzu daga cikinsu ake ban-ruwan dankalin rani. Daga kasuwar Maikatako manyan motoci ke lodi zuwa 'Yankaba a Kano da kasuwar Mil Sha Biyu a Ikko. Cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa da ke Umudike tana da reshen dankali a Kuru, kusa da Jos. Ana kuma noma shi a tsaunin Mambila, da fadamun Kano da Zariya lokacin hunturu, da lambunan duwatsun Azbin a Nijar. Duk wuraren nan abu ɗaya ya haɗa su, ko dai tudu ne, ko kuwa ana jiran sanyin hunturu.

Sai dai gadon na biyu ma ya biyo shi. Ingantaccen iri yana da tsada kuma ba ya wadata, saboda haka yawancin manoma daga girbin bana suke ware irin baɗi, galibi ƙananan da ba su sayuwa, waɗanda sau da yawa ciwo ne ya hana su girma. Ƙananan ƙwari masu tsotson ganye suna yaɗa cuta daga shuka zuwa shuka, kowace shekara iri yana ƙara gajiya. Kuma ita dai wannan cuta da ta tashi Ailan ta afka wa gonakin Filato a damunar 2014, ta sake dawowa da ƙarfi a 2022, manoma suka yi asarar da ba a manta ba. Akwai maganin feshi, wanda asalinsa ya faro daga Faransa a shekarun 1880, amma feshi kuɗi ne, kuma in ruwa ya ɗauki kwanaki yana zuba, yakan wanke shi.

To, ina bokiti a cikin wannan dogon labari? Ni dai a ganina bai taɓa fita daga ciki ba. Masu lambun manyan gidajen Ingila a ƙarni na 19 sukan shuka dankali a tukwane da akwatuna ƙarƙashin gilashi, domin uban gida ya ci sabo kafin lokacinsa. A yaƙin 1939 gwamnatin Ingila ta kira mutanen birni da su tone duk ɗan filin da suka samu su shuka shi. A watan Oktoba na 1995 kuwa an kai yankan shukarsa sararin samaniya a cikin kumbon Kolumbiya na Amurka, a wani ɗan akwati, suka yi ƙananan 'ya'ya a cikin tafiyar kwana goma sha shida. Abin da ya sa ya yarda da ƙunci shi ne, 'ya'yansa ba daga saiwa suke fita ba, daga waɗansu siraran rassa ne da ke tofowa a jikin karan da ƙasa ta rufe. Shi ya sa manomi ke yi masa huɗa, shi ya sa kuma mai bokiti ke fara da ƙasa kaɗan, yana ƙarawa yayin da shuka ke tasowa. Ɗan da ya leƙo waje rana ta taɓa shi yakan yi kore, kuma wannan kore alama ce ta tsohuwar gubar kakanninsa na daji, ba a cin sa. Ruwa kuma in ya kwanta a gindi, ruɓa ce. Amma duk wannan mai sauƙi ne in an kwatanta da zafi. Dankali ya fi yin 'ya'ya in ƙasa tana tsakanin digiri 15 da 20, in ta kusanci 30 sai ya tsaya cik, ya juya ƙarfinsa ga ganye. A nan bakin teku dare ba kasafai yake sauka ƙasa da 20 ba, ga kuma bokitin roba da ke shan rana ta kowane gefe.

Da na karanta wa ɗalibin nawa abin da na tattara, sai ya ce shi bai san Titikaka ba, amma duk abin da na faɗa kakarsa ta sani. Da ya dawo daga hutu a farkon hunturu sai ya zo mini da iri a cikin ƙwarya, kowanne kamar ƙwan kaza, da gajerun tsiro masu kauri. Muka zubar da tsohuwar ƙasar, muka wanke bokitan, muka mayar da su gabas da ɗaki inda rana ke barinsu tun hantsi, muka naɗe su da buhun algarara da nake jiƙawa kowace yamma. Bayan kwana ɗari ganye ya yi rawaya ya kwanta. Muka kife su duka, muka ƙirga, 'ya'ya ashirin da uku, bakwai daga ciki sun kai girman abin da muka binne. Uwargida ta soya su da ƙwai, aka yi karin kumallo ɗaya. Na ware ƙanana huɗu zan ajiye don baɗi, sai ya miƙa hannu ya karɓe su ya zuba a cikin na suya.

"Malam, waɗannan ba iri ba ne," in ji shi. "In na je gida zan kawo maka wani."